Kifin Farko Ba a Sayar da Shi Cikakke

Asma'u, ranar da kika dawo daga Islamiyya idonki jawur kika tambaye ni ko da gaske ne satar kifi kakanku ya yi aka koro mu daga Saudiyya, ban ba ki amsa ba. Cewa na yi ki je ki wanke ƙafa. Amsar tana nan, sai dai ni tun ina ƙarama magana ba ta fito mini da wuri, sai ta kwana a ciki. Yanzu ga shi Baba ya rasu, Allah ya ji ƙansa, Umma kuwa in aka tayar da zancen sai ta ce a bar wa Allah. To ni ba zan bar shi a bakin mutanen kasuwa ba. Zan rubuta muku, ke da Usman, ku karanta in kun yi hankali, domin ina wurin aka yi komai, kuma ni yarinya ce da ba ta magana, saboda haka babu abin da ya wuce ni.

A Riyad aka haife ni, a unguwar Gubaira na tashi, a wani tsohon gida da muke raba shi da iyalin Malam Issufu, wani mahauci ɗan Maraɗi. Garin Riyad ba shi da kogi, ba shi da tafki. Ruwan da na sani shi ne na tankin saman rufi, wanda da rani sai an tara shi a bokiti ya huce kafin a yi wanka, sai kuma wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ɗis, ɗis, cikin wani tsohon gwangwanin fenti. Nakan tsuguna a wurin in tsoma hannu har yatsuna su yi sanyi. Duk da haka gidanmu ƙarnin kifi yake yi dare da rana. Baba Basarke ne, masunci ɗan masunci daga nan Yauri, ya je can yana saurayi. A iƙamarsa, wato takardar izinin zama, an rubuta direba, kafilinsa kuma, wanda ya tsaya masa a gaban hukuma, wani dattijo ne a unguwar Shumaisi wanda tsufa ya hana shi fita, sai ya bar Baba ya nemi na kansa. Baba ya nufi inda hancinsa ya kai shi, kasuwar kifi, ya zama mai yanka da gyarawa. Kafin mu farka ya fita, sai bayan azahar ya dawo, ɓawon kifi manne a damtsensa yana walƙiya kamar an watsa masa ƙananan azurfa. Ni ke tsince masa su yana cin abinci. Waɗanda suka fi kyau nakan adana su a kwalin ashana, in babu kowa in ɗaga su ga hasken taga in leƙa unguwa ta cikinsu.

A makaranta ban taɓa faɗin sana'ar Baba ba, kuma ba a tambaye ni ba, don a kujerar baya nake zama kusa da bango. Ƙawata ɗaya ce, Rim, kullum da burodi mai kifin gwangwani take zuwa ta gutsura mini. Ita a ganinta kifin tuna ɗan ƙarami ne, daidai gwangwaninsa. Ni na san ya fi ta girma, don Baba ya gaya mini yadda ake sauko da su daga motocin ƙanƙara, mutum biyu suna nishi a kan guda. Amma ya ce duk shekarun da ya yi yana yankan su bai taɓa ganin idon ɗaya yana motsi ba. Kogin Yauri kuwa kullum yana bakinsa: tsibirai, dorina, giwan ruwan da babansa ya kama har kwalekwale ya karkace. Nakan saurara kamar tatsuniya. Ban ɗauka wuri ne da mota ke zuwa ba.

Shekarar da na shiga sha uku abubuwa biyu suka haɗu a kanmu. Dattijon Shumaisi ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba su da bukatar direba, ba za su sabunta iƙama ba. A lokacin ne kuma hukuma ta ba baƙi wa'adi su gyara takardunsu, kowa ya yi aikin da aka rubuta masa a wurin wanda aka rubuta masa, in wa'adi ya cika a fara bincike. Yankan kifin da Baba ya shekara yana yi a fili sai ya zama laifi. Ya daina fita. Hannunsa ya daina ƙarni, ni kuma na rasa abin tsinta. Mu duka, ni da Umma da ƙanena Idi, a kan iƙamarsa muke rataye; in ta faɗi mun faɗi. Na ji Umma tana gaya wa matar Malam Issufu cewa in ba a samu sabon kafili ba kafin wa'adi, sai Yauri. Na koma ɗaki na buɗe jakar makaranta na yi ta kallon littattafaina. Hausata ta tsakar gida ce, ta aike da cin abinci. Lissafi da Larabci nake yi, mafarki da Larabci, har kuka da Larabci.

Ana cikin haka wani abokin Baba na unguwar Batha ya kawo labarin wani kamfani da ke kamun kifin tuna a tekun Jizan yana kawowa manyan otel-otel na Riyad. A lokacin hukuma na son a bunƙasa kamun kifi a ƙasar, an kuma sa doka cewa duk wanda zai taɓa irin wannan kifi sai ya yi horo ya samu shaida. Kamfanin ya ce zai horar da wasu, wanda ya ci gwaji a jirgi zai karɓi kafalarsa, a goge direba a rubuta masunci. Ranar da Baba ya dawo da wannan magana, tsaye ya sha ruwa, abin da bai taɓa yi ba.

An ba shi wani ɗan littafi na horo. Baba yana jin Larabcin kasuwa sarai, amma ba ya karanta na boko, sai aikin ya faɗo kaina. Kullum bayan la'asar mu hau rufi, ya shimfiɗa tabarma a inuwar tanki, in karanta in mayar masa da Hausata mai ɗingishi, shi kuma ya gyara mini. A nan na koyi cewa doguwar igiya mai ƙugiyoyi rututu sunanta mamari, ya ce ai su ma suna da shi a gida, na teku tsawo kawai ya fi shi. A nan muka ji cewa kifin tuna ba ya tsayawa tun daga haihuwa har mutuwa, in ya tsaya numfashi ya ƙare masa. Jikinsa da ɗumi kamar na dabba, kuma in aka bar shi ya daɗe yana fafutuka a ƙugiya namansa yakan ƙone daga ciki, ya yi fari-fari ya lalace. Don haka da an ɗago shi sai a kashe shi nan take, a zubar da jini, a cire kayan ciki, a binne shi a ƙanƙara. Baba yakan rufe ido in ina karantawa. Ni kuma in ɗaga kai in ga rufin gidajen Gubaira da tankunansu farare sun miƙe har inda ido ya tsaya, tattabarun wani maƙwabci suna kewaye sama, sai in ga kamar dukanmu a ƙarƙashin ruwa muke, tattabarun nan su ne kifayen da ba sa tsayawa.

Wata rana Malam Issufu ya hau shanya fata ya tarar da mu a shafin da ke cewa kowane kifi ana ɗaura masa lamba a wutsiya, mai nuna jirgin da ya kama shi da ranar da wurin, domin masu saye ba sa karɓar wanda ba a san asalinsa ba. Mahauta da masunta kun san abokan wasa ne. Ya tsaya da fatar a hannu.

“Garba, ashe kifi ma ya samu iƙama, kai kana nan zaune babu?”

“Shi ya fi ka asali ai. Akuyar da ka yanka jiya wa ya san ubanta?”

Suka yi ta dariya. Da ya sauka na ci gaba, na iso inda aka ce ban da cire kayan ciki ba a yarda wuƙa ta taɓa jikin kifin ba, dole ya isa hannun mai saye cikakke, don a cikakkensa ake duba shi a sa masa daraja. Baba ya buɗe ido ya ce in sake. Na sake.

“Har na farko?”

Na duba gaba da baya na ce littafin bai ce komai a kan na farko ba. Sai ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. A gidansu, tun kakannin kakanni, duk ruwan da mutum ya shiga karo na farko, kifin farko da Allah ya ba shi a ciki ba ya sayar da shi cikakke. Sai ya yanki gadon bayansa, inda naman ya fi kyau, ya raba wa mutane su ci, na kusa da na nesa, duk wanda ya zo. Ya ce godiya ce, kamar yadda baƙo ba ya shiga gida ya zarce ɗaki bai yi sallama ba. Babansa ya yi a kogin Yauri, ya yi da ya je Tafkin Chadi, shi ma an sa shi ya yi yana yaro.

Umma tana kan matakala da tiren shayi, ta ji komai. Ta ajiye tiren a hankali.

“Malam, wannan fa ba kogin Yauri ba ne. Kifin mutane ne.”

“Ruwan dai na Allah ne. Kuma kifin da ya kai girman mutum, wa zai kula da tafin hannu guda?”

Ta ɗauki buta. Na lura dai ta zuba masa shayi har ya zube a tire, ita da ba ta zubar da ko ɗigo.

Ya tafi Jizan farkon sanyi. Gidan ya yi shiru, ƙarnin ya ƙarasa fita daga labule. Yakan kira ranar Juma'a, iska na kaɗa muryarsa, ya ba da labarin aji da allo da wani malaminsu Ustaz Yahya, mutumin gaɓar tekun, wanda ke sa su maimaita aiki a kan kifin roba har hannu ya saba. Wata Juma'a ya ce a ba Safiya. Na karɓa na kara a kunne. Ya ce in saurara, sai ya juya wayar. Na ji wani abu yana zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa, kamar numfashin babban mutum mai barci. Na tsaya a tsakar gida da wayar a kunne har kuɗin ya ƙare. Tun daga ranar teku ya shigo Gubaira. Ina tafiya makaranta sai in ga abayoyin 'yan mata suna lilo kamar ciyawar ƙarƙashin ruwa. Da aka yi ruwan sama mai ƙarfi titinmu ya cika, Idi ya saki takalminsa yana bin sa, ni kuma na tsaya a ƙofa ina jiran in ga baƙin bayan kifi mai sheƙi ya ratsa tsakanin motoci. Har na fara shirya yadda zan gaya wa Rim cewa babana masunci ne a teku, rubuce a iƙama.

Wata Alhamis da la'asar ya dawo ba sanarwa. Ya biyo motar ƙanƙarar kamfani da ta kawo kifin gwajinsu, an ba shi hutun kwana kaɗan kafin a faɗi sakamako. Ya yi baƙi, ya rame, leɓensa ya tsattsage, amma tafiyarsa ta sauya, yana buɗe ƙafa kamar ƙasa na motsi. A kafaɗarsa akwai farin akwatin soso. Ya ajiye a tsakar gida ya buɗe, ya share ƙanƙara da hannu. A ciki akwai tsoka guda, ja wur, ba ta fi tafin hannunsa ba sai da kaɗan, tana da wasu siraran layuka kamar na itace.

Malam Issufu ya leƙo ya riƙe haɓa.

“Wannan kam saniya ce. Garba, ka shiga sana'ata ba ka nemi izini ba.”

Kowa ya yi dariya ban da Umma. Ta dubi naman, ta dubi Baba, ta ce, “Ka yi ke nan.” Ya ce ya yi. Ta ɗaura zane ta ɗauko wuƙa.

Yana zaune a kan turmi ya ba mu labari. Ya ce da suka fara jan mamari, ƙugiyar da ta zo hannunsa ta yi nauyi, ya leƙa, sai ya ga wani abu a can ƙasa yana juyawa kamar an jefa madubi a rijiya. Da ya taso, bayansa shuɗi mai duhu, gefensa rawaya, idonsa kamar bakin kofi, kuma yana motsi. Baba ya ce sun kalli juna. Ya yi masa duk abin da littafi ya ce, bai tsallake ko ɗaya ba, ya ɗaura lamba. Sannan ya yi bisimilla ya yanki gadon bayan a gaban abokan aikinsa, ya ce a gaya wa kamfani a cire daga haƙƙinsa. Shugaban jirgi yana can wurin tuƙi bai gani ba. Yaran jirgin suka soya rabi suka ci suna dariya, da za su binne kifin a ƙanƙara suka kwantar da shi ta gefen yankan.

Umma ta yayyanka naman ƙanana ƙanana kamar ƙwayar dabino, ta soya sama-sama da yaji da lemun tsami. Ni da Idi muka yi ta kaiwa: gidan Malam Issufu, mai kantin bakin titi ɗan Bangladesh, wata tsohuwa 'yar Yaman da ke zaune ita kaɗai, masu gyaran mota na kan kwana da hannuwansu baƙi ƙirin, limamin masallacinmu. Kowa guntu ɗaya a ɗan faranti. Tsohuwar ta tambaye ni bikin me ake yi, na ce babana ne ya ga teku. Nawa guntun na ci shi a kan rufi ni kaɗai. Bai yi kama da na gwangwani ba ko kaɗan. Yana da laushi da ɗan gishiri nasa na kansa, na daɗe da shi a baki ban haɗiye ba.

Washegari bayan Juma'a aka yi sallama. Wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, Baba na ganinsa ya ce Ustaz Yahya. Ashe shi ma ya biyo kifin zuwa Riyad. Suka shiga ɗakin baƙi. Ina bayan labule da tiren gahawa na ji komai. Ustaz ya ce da mai saya wa otel kifi ya sa aka juya kifin ya ga ramin, ya ƙi karɓa, ya kuma ce ba zai ƙara yarda da kayan masu koyo ba. Kifin da ya fi kowanne kyau a motar ya koma na yankawa a kasuwa. Kamfani na son sanin abin da ya faru, lambar wutsiya kuma ta nuna hannun wanda ya kama. Baba ya ce zai biya. Ustaz ya ce ba maganar biya ba ce, maganar wanda za a iya sakar wa kifi ce a tsakiyar teku inda babu mai gani. Sai ya rage murya. Ya ce a cikin ɗalibansa babu mai hannun Baba, ba ya son ya rasa shi. Yakan faru wani babban kifi mai haƙora ya ciji wanda ke ƙugiya kafin a ɗago shi. Ramin ya riga ya jiƙe da ƙanƙara, ba mai tantancewa. Yaran jirgi ba za su yi magana ba, don su ma sun ci. Abin da ake bukata kawai Baba ya je ofis ya ce haka ya ɗago shi.

Daga inda nake ina jin ɗigar ruwa a gwangwanin fenti. Zuciyata na cewa ka ce to, Baba, ka ce to. Sai na ji ya kira sunana. Ya san ina wurin. Kullum ya san inda nake.

Na shiga na ajiye tiren, na durƙusa kusa da ƙofa. Baba ya ce Larabcinsa na ciniki ne, ba ya son a samu kuskure, in faɗa wa Ustaz da Larabcina na makaranta.

“Ki ce masa na gode, Allah ya saka masa. Ki ce ni na yanka, da hannuna, da rana tsaka. Mutum nawa suka ci naman nan a unguwar nan, har da liman. In na ce cizo ne, to ɓoyewa na yi, abin da aka ɓoye kuwa sata ne. Ba zan mayar da abin da suka ci sata ba.”

Na dubi tabarma. Akwai wani zare ja da ya fita daga saƙar, har yau ina ganinsa. Na san kowace kalma da zan faɗa tana ɗauke ni daga kujerata ta bayan aji, daga Rim, daga rufin nan. Ban taɓa yin doguwar magana gaban baƙo ba. Na faɗe ta duka, kalma bayan kalma, da Larabcin da malamarmu ke yaba mini a rubuce.

Ustaz Yahya ya daɗe yana juya ɗan kofinsa. Ya tambayi Baba me ya sa ya yanka tun farko, Baba ya ba shi labarin kifin farko, ni ina mayarwa. Ustaz ya yi ɗan murmushi ya ce kakansa ma in ya sauko daga jirgi ba ya kai kifi kasuwa sai ya ajiye na gwauraye da marayu a bakin gaɓa, amma wancan zamanin kifi bai da lamba. Ya ce zai faɗa wa kamfani yadda aka yi, ba zai ce sata ba, amma ya san amsarsu. Baba ya ce ya sani. Sannan ya juya gare ni ya ce in tambayi Umma ko akwai saura. Guntu ɗaya ya rage, wanda ta ajiye wa kanta ba ta ci ba. Na kawo a faranti. Baba ya tura gaban Ustaz ya ce duk wanda ya zo yana da rabo. Ustaz ya kalli guntun, ya kalli Baba, ya yi bisimilla ya ci.

Ba a ba shi shaidar ba. Ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya kama shi; wa'adi ne ya cika ba mu da kafili, muka fita da ƙafarmu kamar dubban mutane a shekarar. Labarin ne ya riga mu isowa gida ta bakin 'yan Batha, kuma labari in ya yi doguwar tafiya yakan zubar da kayansa a hanya, har ya rage daga kifi sai kora. Malam Issufu ya raka mu har mota yana tsokanar Baba cewa ya tafi ya bar masa garin ba abokin faɗa, sai kuma ya juya baya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Rim ban gaya mata komai ba. Ranar ƙarshe na ba ta kwalin ashanata, ta buɗe ta ce mene ne wannan, na ce ta ɗaga ga haske.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Baba. Fushin marar magana ba a ganinsa, amma shi ya gani. Mun iso Yauri na zama baƙuwa mai Hausar dariya, 'yan uwa na sa ni in maimaita kalma su ƙyalƙyale. Na yi watanni ina gaishe shi da safe ban ƙara komai a kai ba. Umma ma ta daɗe ba ta zuba masa shayi da hannunta ba. Kogin kuwa na ƙi zuwa, ko da yake daga ƙofar gida ana hango ƙyallinsa.

Bayan ruwa ya ja baya, wata safiya ya ce in ɗauko mayafi in raka shi. Ya sa ni a kwalekwalen ƙanensa ya tura. Ƙasa ta saki ƙafata, na riƙe katako da hannu biyu. Ruwan ba shuɗi ba ne kamar na mafarkina, ruwan ƙasa ne, yana wari irin na gidanmu na Gubaira, kuma yana tafiya, ba ya tsayawa. Na saki hannu ɗaya na tsoma. Sanyinsa irin na gwangwanin fenti ne, sai dai babu gindi. Baba ya ɗaura tana a ƙugiya ya miƙo mini zaren. Mun daɗe. Can na ji an ja, kamar yaro na jan gefen zane. Na ɗago wata 'yar karfasa da ba ta kai tafin hannuna ba, tana ta fisge-fisge, idonta na motsi.

Baba ya zaro wuƙarsa, waccan dai ta Jizan, ya juyo mini da ƙotar. Na dube shi. Na karɓa na yi bisimilla. Abin da na yanko daga gadon bayanta bai fi farcen babban yatsa ba. A bakin gaɓa ya hura 'yar wuta da karan gero, na gasa a tsinke, na duba babu kowa a wurin sai shi, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi cinyar rago, ya tauna a hankali, ya daɗe yana taunawa.

“Gishiri bai ji ba,” in ji shi.

Na yi dariya har kwalekwalen da ke ɗaure ya yi mini rawa a ido. A hanyar komawa na ba shi labarin Rim da burodinta tun daga farko, da Hausa, yana gyara mini.

Wuƙar tana nan a ƙasan akwatina, Asma'u, naɗe da tsohon mayafin makarantata. In ruwa ya ja baya bana zan sa kawunku Idi ya tura mu, ke da Usman. Yarinyar nan ta Islamiyya da ta faɗa miki maganar satar kifi, ki gaya mata ta zo bakin gaɓa ta jira mu. Tana da rabo.